Yalo ya yi yawa a gida a Legas: yadda za a dafa shi da yadda za a adana shi

Wata baiwar Allah da ke zaune a Agege ta aiko da tambaya cewa ta shuka yalo a cikin buhuna a bayan gidanta, fari irin namu da kuma babban nan mai launin shunayya da ake kira yalon turawa, kuma yanzu ya yi 'ya'ya fiye da abin da iyalinta za su iya cinyewa. Ta ce ta zuba wani a firij ya yi tabo-tabo cikinsa ya yi baƙi, ta yanka wani ta shanya kamar yadda ake yi a Arewa sai ya yi fumfuna, ga kuma wutar lantarki ba ta tsayawa. Tana son a faɗa mata yadda za ta dafa shi da yadda za ta adana sauran kada ya lalace.

Hajiya, Allah ya ƙara albarka a cikin shukarki. Abin da ya same ki ba sakaci ba ne, halin yalo ne ya haɗu da yanayin Legas. Ɗanyen yalo ba abin ajiya ba ne a ko'ina, kuma a gari mai laima irin wannan lamarin ya fi tsanani, domin dabarun da muka gada na shanya da na randa duk sun dogara ne ga busasshiyar iska wadda babu ita a bakin teku. Saboda haka shawarata ita ce ki daina neman hanyar ajiye shi ɗanye, ki koma ga dafa shi tukuna sannan ki ajiye dafaffen, kuma a kan wannan ne zan fi tsayawa.

Iri biyun da kika shuka 'yan gida ɗaya ne da tumatir da attaruhu da dankalin turawa, amma ba abu ɗaya ba ne a tukunya. Farin yalo da gauta asalinsu Afirka ne, namansu a tsuke yake, suna da ɗan ɗaci, kuma suna jure zirga-zirga, shi ya sa ake iya lodinsu a mota daga nesa har kasuwar Mile 12 su iso da sauran kyansu. Shi kuwa babban shunayya asalinsa Asiya ne, namansa sakwaf yake cike da iska kamar soso, don haka ya fi saurin yaushi, ya fi shan mai, kuma ya fi jin ciwo idan ya bugu. Dukansu fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsu ruwa ne, kuma daga ranar da aka tsinke su ruwan nan yake fara fita.

Ajiya tana farawa ne tun a jikin shukar. A tsinki yalo yana da ƙuruciya, lokacin da fatarsa take sheƙi kuma idan an danna da yatsa wurin yakan dawo. Idan fatar ta dushe, ko farin ya fara komawa ruwan ɗorawa ko ja, to 'ya'yan ciki sun ƙosa sun yi tauri, ɗacin ya ƙaru, kuma babu wata dabarar girki da za ta mayar da shi yadda yake. A yanke shi da wuƙa ko almakashi a bar masa hancinsa da ɗan guntun kara, kada a fizge, domin wurin da aka yage nan ne ruɓa take shiga. Ki riƙa zagayawa duk bayan kwana biyu ko uku da sassafe, ki duba kowane ɗaya: wanda kika ga ɗan rami a jikinsa akwai tsutsa a ciki, sai a ware shi a yanke wurin a dafa sauran a ranar, kada a haɗa shi da na ajiya. Kuma ki sani cewa yawan tsinka yana sa shukar ta ƙara fure, don haka idan abin ya fi ƙarfinki za ki iya tsinke wasu tun suna ƙanana ƙwarai, sun ma fi daɗi a miya.

Dalilin da ya sa firij ya ɓata miki shi kuwa, yalo ɗan ƙasar zafi ne, sanyin da ya fi dacewa da shi shi ne digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas, kuma ko a haka da wuya ya wuce mako biyu da kyansa. Firij na gida yana kusa da digiri 4 ne, kuma a irin wannan sanyin cikin kamar mako guda fatar takan lotsa ta yi tabo, 'ya'yan da naman ciki su yi ruwan ƙasa, ɗanɗanon ya canja. Ɗakin girki a Legas kuma yakan kai digiri 30, inda yake yaushi cikin 'yan kwanaki. Ke nan ba mu da wurin da ya yi masa daidai, sai dai mu zaɓi wanda ya fi sauƙin illa. Wanda za a ci cikin kwana biyu ko uku a bar shi a kwando a wuri mai inuwa da iska, ba a wanke ba, ba a tula wani kan wani ba. Wanda zai kai kwana huɗu ko biyar a naɗe shi a takarda a sa a leda mai huji, a ajiye a aljihun ƙasa na firij inda sanyi ya fi sauƙi, kuma da an fito da shi a dafa shi a ranar, domin illar sanyin ta fi bayyana bayan ya sha ɗumi. A nisanta shi da ayaba da mangwaro da nunannen tumatir, saboda waɗannan suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda take tsofar da shi da wuri.

Na san wani zai ce miki ki yi tukunya cikin tukunya, wato dabarar nan da Malam Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a Jigawa, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, inda ake sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Dabara ce mai daraja, kuma yalo na daga cikin abubuwan da aka nuna amfaninta da su, domin an ruwaito yana kaiwa kwana 27 a cikinta maimakon kwana uku. Sai dai sanyin tukunyar yana zuwa ne daga ƙafewar ruwan yashin, ruwa kuma ba ya ƙafewa sai iska tana da ƙishi. A Dutse ko Kano lokacin rani iskar a bushe take ƙayau, amma a Legas laimar iska takan haura kashi 80 cikin 100 a yawancin watanni, don haka tukunyar ba za ta yi wani sanyin kirki ba, sai dai ta tara danshi ta jawo fumfuna. Ba na ba ki shawarar ɓata lokaci a kanta a nan.

To mu koma tukunyar girki. Farin yalo babu abin da ya kai shi cin yawa kamar miyar yalo, domin kwando guda yakan koma tukunya ɗaya. A wanke, a cire hanci, a tsaga biyu a duba tsutsa, a tafasa a ruwa kaɗan na minti 10 zuwa 15 har ya yi laushi. Idan ya huce fatar tana saɓulewa da hannu, sai a ɗan daka naman sama-sama a turmi, kada ya yi laushi lilis, domin daɗin miyar yana cikin ɗan gudajin da ake ji a baki. A soya albasa mai yawa a manja, a zuba jajjagen attaruhu da tattasai da daddawa, a bari ruwan ya tsotse, sannan a juye yalon a ci gaba da soyawa a kan wuta kaɗan har mai ya taso. A nan ne ake zuba kifi banda ko nama. Da dafaffiyar doya aka fi cinta a kudu, amma tana tafiya da shinkafa da dankali da dafaffiyar ayabar suya. Idan gauta ne mai ɗaci sosai, a zubar da ruwan tafasar farko, ko kuma a haɗa kashi ɗaya na gauta da kashi biyu na yalo. Ni dai ina ganin ɗan ɗacin nan shi ne martabar miyar, kuma kashe shi gaba ɗaya da sukari ko yawan tumatir hasara ce. Kada kuma ki manta da faten tsaki, wanda gauta da yakuwa suke yi masa ado, da kuma cin yalon ɗanye da yajin ƙuli-ƙuli.

Babban shunayya kuwa wuta yake so kai tsaye. A huda fatarsa da cokali mai yatsu wuri uku ko huɗu don kada ya fashe, a ɗora shi sukutum a kan garwashin gawayi ko harshen wutar gas, ana juyawa har fatar ta ƙone ta yi baƙi kuma jikin ya saki gaba ɗaya, abin da yakan ɗauki minti 15 zuwa 25 gwargwadon girmansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne sauke shi da wuri: idan akwai sauran tauri kusa da hanci bai gasu ba, kuma yalon da bai gasu ba yana da baurin da ke sa mutane su tsane shi har abada. Bayan ya huce a ɓare fatar, a zuba naman a matsami na kamar minti 20 ruwan ya tsiyaye. Wannan gasasshen naman mai ƙamshin hayaƙi shi ne abu mafi amfani da za ki iya tanada. Idan aka dama shi da niƙaƙƙen riɗi da tafarnuwa da lemon tsami da gishiri, ya zama abin da mutanen Lebanon suke ci da gurasa, kuma da yake riɗi namu ne ba sai an sayo komai daga waje ba. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ma tana iya tsayawa a madadinsa. Idan aka juye shi a miyar tumatir yana ƙara mata kauri da auki, wanda ba ƙaramin taimako ba ne a watannin da tumatir yake tsada. Idan aka soya shi da albasa da ƙwai ya zama abin karin kumallo.

Wanda yake son soyayye, ya yanka shi fala-fala, ya barbaɗa gishiri, ya bar shi rabin awa, sannan ya ɗauraye ya matse ya goge da tsumma mai tsabta. Amfanin gishirin shi ne yana jawo ruwa ya danne ramukan iskar da ke cikin naman, sai ya rage shan mai. Man kuma ya yi zafi sosai kafin a saka, kuma kada a cika kasko. Baƙin da yake yi da zarar an yanka ba ruɓa ba ne, haɗuwar naman da iska ce, kuma ana rage shi da yanka da wuƙar da ba ta tsatsa da tsoma yankakken a ruwan da aka matsa lemon tsami.

Abin da aka dafa yana yin kwana uku zuwa huɗu a firij mai aiki. Wanda zai wuce haka firiza ce wurinsa, kuma a nan ne dafawar farko take nuna amfaninta, domin ɗanyen yalo idan ya daskare ya narke yakan zama ruwa-ruwa mai baƙi, amma gasasshen nama ko soyayyen tushen miya kusan ba sa canjawa. Ki soya tushen miyar ba tare da kifi ko nama ba, ki zuba su ranar da za a ci. Hakan ya fi aminci idan wuta ta yi wasa, kuma ya ba ki damar sauya miyar yadda kike so. A gasasshen naman ki ɗiga ɗan lemon tsami don ya riƙe haskensa. Ki baza abin a faranti ya huce da sauri, kada ya wuce awa ɗaya ko biyu a waje a zafin Legas, sannan ki raba shi daidai cin rana ɗaya a ƙananan robobi ko leda mai kauri, ki matse iska, ki baje ledar ta yi faɗi don ta daskare da wuri, ki rubuta kwanan wata. Idan kuma lallai kina son yankakke don wani girki na gaba, a yanka kaurin kamar santimita ɗaya, a tsoma a tafasasshen ruwa na minti huɗu, wanda aka zuba wa rabin kofi na ruwan lemon tsami a kowace lita huɗu, a tsame a jefa a ruwan sanyi, a tsane sosai sannan a daskarar.

Game da wuta, firizar da take cike kuma ba a buɗe ta tana riƙe sanyinta kusan awa 48, wadda take rabi kuma kusan awa 24, alhali firij bai wuce awa huɗu ba. Don haka ki cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su zama ƙanƙara, ki sa yalon a can ƙasa, kuma ki hana yara yawan buɗewa. Abin da ya fara saki amma da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi; abin da ya narke sarai har ya yi ɗumi ba a mayarwa, kuma idan ya daɗe a haka zubarwa ake yi, ko da bai yi wari ba. Inda wuta take tsaye dafaffen yalo yana yin watanni da yawa a firiza, amma a unguwar da ake ɗaukewa ana kawowa, ni ba zan bar shi ya wuce wata biyu zuwa uku ba, domin kowane saki da sake daskarewa yana rage ingancinsa.

Akwai hanya ɗaya da nake roƙonki da ki guje mata, ko da kin gan ta a bidiyo ta ba ki sha'awa, wato cusa gasasshen yalo ko dafaffe da tafarnuwa a kwalba, a nutsar da shi a mai, a ajiye a kan kanta. Yalo ba shi da tsami, mai kuma yana toshe iska, kuma waɗannan biyun tare da ɗumin ɗaki su ne ainihin abin da ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum take buƙata ta fitar da gubarta. Ƙwayar tana cikin ƙasa, irinta ba ya mutuwa da tafasar ruwa ta yau da kullum sai an kai zafin digiri 121 a tukunyar matsi ta musamman, kuma gubar ba lallai ta canja wari ko launin abincin ba. Tana shanye jijiyoyi: mutum ya fara ganin abu biyu-biyu, fatar idonsa ta sauko, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi ya tsaya idan ba a kai shi asibiti da gaggawa ba. A shekarar 1993 an samu mutanen da suka kamu da wannan cuta a Italiya daga gasasshen yalo da aka adana a mai, kuma na kamfani ne ma ba na gida ba. Wannan ya shafi miyar yalo ma: man da ya taso a samanta ba ya kare ta, don haka ba a barinta a kwalba a waje.

Abin da yake kare yalo a kwalba shi ne tsami. A samu ruwan khal wanda aka rubuta a jikin kwalbarsa cewa ƙarfinsa kashi 5 cikin 100 ne, a haɗa shi da ruwa daidai wa daida, kada ruwan ya fi khal ɗin yawa, a zuba gishiri da ɗan sukari da masoro da citta da attaruhu, a tafasa. A yanka yalon sirara, a jefa a ciki ya yi minti biyu ko uku, a kwashe a kwalbar gilashi da aka tafasa ta, a zuba ruwan da zafinsa har ya rufe shi ruf. Ƙananan fararen sun fi dacewa da wannan domin ba sa narkewa. Bayan kwana biyu ya yi daɗin ci da shinkafa da wake ko gasasshen nama. Wurinsa firij ne, a ɗiba da cokali mai tsabta, a cinye cikin kamar wata guda, amma yana da fa'idar cewa ɗauke wuta na 'yan awoyi ba ya yi masa illa kamar yadda yake yi wa miya.

Shanya kuwa ba a ce ba ta yiwuwa sam ba, lokacinta ne ƙanƙane. Daga Afrilu zuwa Oktoba ba a ma fara ta. Sai a 'yan makonnin Disamba da Janairu da iskar hunturu take sauka har Legas, nan ma sai an yanka shi siriri ƙwarai, kaurin rabin santimita, an tsoma a tafasasshen ruwan lemon tsami, an baza a kan raga da aka ɗaga daga ƙasa don iska ta ratsa sama da ƙasa, an rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, an kuma kwashe kafin magariba saboda raɓa. Idan bai bushe cikin kwana biyu ba a ƙarasa shi a tanderun kicin a kan mafi ƙarancin wuta, wajen digiri 60, da ƙofar a ɗan buɗe. Ya bushe ne idan ya yi ƙaras yana karyewa. Kilo 10 na ɗanye bai fi ya ba da kilo ɗaya ba. A zuba shi a kwalba mai murfin da ke kamawa sosai, ba a leda ko buhu ba, domin a Legas busasshen abu yana sake zuƙar danshi daga iska, kuma duk wanda ya yi fumfuna a zubar da shi gaba ɗaya, ba a kankarewa a ci. Idan za a yi amfani da shi a jiƙa a ruwan zafi na minti 20 a zuba a miya ko fate.

Duk da haka, firizar gida tana da iyaka, kuma farin yalo abu ne da yake da masoya a kowace ƙabila a Legas. Maƙwabtanki Ibo suna tarbar baƙo da shi tare da goro da markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai yaji, Yarbawa kuma suna miyarsa da doya, don haka mafi kyawun 'ya'yan da aka tsinko da safe ki aika musu da su a ranar, ki bar wa tukunya waɗanda suka ɗan bugu ko suka girma.

A ƙarshen kakar kuma ki zaɓi shuka ɗaya ko biyu mafi lafiya na farin, ki bar 'ya'ya biyu ko uku a jikinsu su nuna sarai har su yi ja ko ruwan ɗorawa su yi laushi, ki fasa ki wanke irin a ruwa, ki zubar da wanda ya taso sama, ki shanya wanda ya nutse a inuwa mai iska har ya bushe, ki ajiye a ƙaramar kwalba. Na shunayya kuwa ki duba takardar da kika sayo irin a ciki, idan an rubuta F1 to haɗin aure ne, 'ya'yansa ba za su fito irin uwarsu ba, gara ki sayi sabo. Idan za ki sake shuka, kada ki dasa duka rana ɗaya. Ki raba buhunan kashi biyu ko uku da tazarar mako uku zuwa huɗu a tsakaninsu, ta yadda wani zai fara 'ya'ya lokacin da wani yake ja da baya.